Batirin taraktata ya fara gajiya, ko akwai yadda zan ja ransa?

Mai Tsohuwar Tarakta ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da tsohuwar Massey Ferguson 135, mai injin Perkins ɗin nan mai silinda uku, kuma batirin da ke kanta ya haura shekara huɗu. Irin mai murfi shida ne da ake zuba wa ruwa, bolt 12. In tana aiki kullum babu matsala, murɗa makulli ɗaya take tashi. Amma da zarar ta ɗan kwana biyu a ajiye, sai ka ji kik yana juyawa da ƙyar, wani lokacin ma ƙas-ƙas kawai zai yi ya tsaya. Kan batirin na ɓangaren ja ya tara wani farin gari mai kore-kore, kuma da na buɗe murafen na tarar gida biyu ruwansu ya yi ƙasa har ana hango saman faranti.

Wani ya ce in ƙara asid, wani ya ce in zubar da ruwan duka in zuba sabo. Ga shi aikin gona ya kusa ƙarewa, taraktar za ta yi watanni a rumfa. Me zan yi ya ƙara kai ni wata shekarar? Ko kuwa ya riga ya gama?

Tsohon Rewaya ya amsa:

Wa alaikumus salam. Malam, don Allah kada ka zuba asid. Abin da ke raguwa a cikin batir ruwa ne kawai. Zafi yana ƙafar da shi, caji kuma yana fasa shi ya fita a iska, amma asid ɗin yana nan bai je ko'ina ba. In ka ƙara wani, ruwan zai yi kaifi fiye da kima ya dinga cin farantan dalmar. Zubar da ruwan duka ma ba magani ba ne, domin a batirin da cajinsa ya sauka, kaso mai yawa na asid ɗin yana manne a jikin faranti, kuma zai dawo cikin ruwan idan aka yi caji. Ka ga in ka zuba sabo a kai, ka haɗa biyu ke nan.

Ruwan batir tatacce za ka nema, ba na famfo ko na rijiya ba, saboda ma'adinan da ke cikinsu suna gurɓata faranti. Ka zuba iya wanda zai rufe farantan kawai, sannan ka sa caji. Sai ya cika za ka ƙarasa ruwan zuwa alama, ko kamar santimita ɗaya a saman faranti. Ruwan yana tasowa lokacin caji, in ka cika shi tun farko zai malalo ya ci maka tiren batir.

Amma abin da ya fi damuna a bayaninka shi ne zaman nan na watanni. A aikina na ga batiran tarakta da yawa, kuma mafi yawansu ba aiki ne ya kashe su ba, zama ne. Duk lokacin da batir ya ba da wuta, wani farin gishirin dalma yana kwanciya a jikin faranti. In aka yi caji da wuri, gishirin yana narkewa ya koma yadda yake. In aka bar batirin makonni da rabin caji, gishirin sai ya daskare ya yi tauri, caja ba ta iya mayar da shi, kuma duk inda ya rufe a jikin faranti ya daina aiki. Batir kuma ko ba a haɗa shi da komai ba yana zubar da cajinsa a hankali, zafi yana ƙara masa sauri. Shi ya sa za ka ajiye tarakta lafiya lau, ka dawo ka tarar da batirin da mitar auna bolt ke nuna yana da wuta amma ba ya iya juya injin.

Ka samo mita, kada ka yi hasashe. Ka yi masa caji a hankali, da kamar kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa, wato batirin amfiya 100 a ba shi amfiya 10 ko ƙasa da haka. Ka cire caja ka bar shi ya kwana, da safe ka auna. Bolt 12.6 zuwa 12.7 cikakke ne. 12.4 saura kashi uku cikin huɗu na cajinsa, 12.2 rabi, 12.0 kwata. In ka ga wajen 10.5, gida ɗaya ya haɗe daga ciki, wannan kam babu gyara. Sai ka sa wani ya murɗa makulli kana kallon mita: bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba. A ƙarshe ka tayar da injin ka ɗan ba shi wuta, ka sake aunawa. Ya kamata ka ga tsakanin 13.8 da 14.4.

Farin garin nan kuma kada ka raina shi, shi kaɗai yana iya hana kik samun wutar da yake bukata. Ka kwance wayoyin, ka fara da wadda ke haɗe da jikin tarakta, ita kuma za ka mayar a ƙarshe, don kada sifana ta taɓa ƙarfe ta yi tartsatsi. A yawancin taraktoci ta ɓangaren baƙi ce, amma wasu tsofaffi irin Ford 8N masu bolt 6 ta ɓangaren ja ce, saboda haka ka bi wayar da ido. Ka wanke da bekin soda da ruwa, murafen suna rufe gam don kada ya shiga ciki, ka goge da buroshin waya har ƙarfe ya yi haske, ka ɗaure sosai, sannan ka shafa bazalin a kai. Ka kare idonka, kuma ban da sigari ko ashana kusa da batirin da ke caji. Iskar da yake fitarwa tana kama wuta har ta fasa shi.

Direban Gona ya amsa:

Baba Rewaya ya gama magana. Abin da zan ƙara shi ne maɗaurin batir. Tarakta ba mota ba ce, jijjigarta a kan kunya tana kakkaɓe abin da ke jikin faranti ya taru a ƙasan gida har ya haɗa su. In maɗaurinka ya karye, ka gyara shi. Ka kuma dinga goge saman batirin, don ƙura mai danshin asid tana jan wuta tsakanin kawunan biyu. Ni in zan ajiye tawa, cire batirin nake yi in kai shi inuwa, in haɗa masa ƙaramin faifan sola mai kwantirola. Maganar cewa daɓen siminti yana shan cajin batir ta zamanin tsofaffin akwatunan batir ce, na roba na yanzu ba ruwansu.

Mai Tsohuwar Tarakta ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na bi yadda kuka ce. Bayan ya kwana mita ta nuna 12.5, lokacin murɗa makulli ya sauka zuwa 10.1. Amma da injin yana aiki 13.1 kawai na gani, ko da na ba shi wuta. Dainamo ne ke yi wa batirinta caji, ba altaneta ba.

Tsohon Rewaya ya amsa:

Madalla, batirinka yana da sauran rai. Matsalar tana wajen caji, 13.1 ba zai taɓa cika shi ba, shi ya sa kullum yake kwana da yunwa. Ka fara da fanbel: ka danna tsakiyarsa da babban yatsa, in ya lotsa fiye da santimita ɗaya da rabi ka ja shi, in ya yi santsi yana sheƙi ka canja. In lambar ba ta tashi ba, a duba burushin dainamon da regileta, a kuma kankare inda wayar ƙasa ta kama jikin tarakta. Ka sani dainamo ba ya caji sosai in injin yana aiki a hankali, don haka tayar da ita na minti biyar a rumfa cin batir ne kawai. Lokacin ajiya ka cire wayar ƙasa, ka auna shi duk wata, da ya sauka 12.4 ka sa caja. Gida biyun nan da suka sha ruwa kuma ka sa musu ido. In akwai ma'aunin ruwan batir, ka gwada kowane gida bayan caji: cikakke yana wajen 1.265, kuma in wani gida ya gaza sauran da 0.050, ka fara shirin sabon batir kafin aiki ya kankama.