Me ya sa ADAR2 ba ya gyara GluA2 idan an cire intron?

Habu_Samaru:

Assalamu alaikum malamai. Tambaya ce kan gurbin Q/R na GluA2, wani furotin na sel ɗin ƙwaƙwalwa, wato wurin da amino asid gulutamin (Q) ke komawa ajinin (R) idan enzayim ADAR2 ya gyara RNA ɗinsa. A cikin DNA an rubuta CAG, wato gulutamin, amma a ƙwaƙwalwar baligi kusan duk mRNA ɗin ana karanta shi CGG, wato ajinin. To idan aka ɗauki cDNA (kwafin DNA da aka yi daga mRNA) mai CAG aka saka a sel na HEK293 (sel ɗin mutum da ake raino a ɗakin gwaji) tare da ADAR2, ba a ganin sauyin ko kaɗan, alhali gwajin furotin na Western ya nuna enzayim ɗin yana nan jingim. Matsalar daga enzayim take ko daga RNA? Kuma wace hanya ce ta fi aminci wajen auna kashi nawa aka gyara?

Dakta Rabi:

Wa alaikumus salam Malam Habu. Enzayim ɗinka lafiyarsa ƙalau, RNA ɗin da aka ba shi ne ba ya da inda za a kama.

ADAR2 ba ya bin jerin haruffa yana neman CAG. Abin da hannayensa biyu ke riƙewa shi ne RNA mai tufka, inda igiya ta lanƙwaso ta manne da 'yar uwarta. A GluA2, igiya ɗaya tana ƙarshen ekson 11 inda gurbin Q/R yake, ɗayar kuma tana cikin intron 11, kimanin haruffa 300 a gaba (ekson shi ne yankin da ke saura a mRNA, intron kuma wanda ake yankewa a jefar). Wannan guntun na intron shi ake kira ECS. Sai sun haɗu sannan enzayim ya fizgo adenosin ɗin (harafin A na CAG) waje daga tufkar, ya cire masa amino, ya zama inosin. Ribosom mai haɗa furotin kuma yana ɗaukar inosin a matsayin G. cDNA ba shi da intron, saboda haka babu tufka, babu gyara. Ɗakin binciken Peter Seeburg a Heidelberg ne ya gano sauyin a 1991, a 1993 kuma suka nuna cewa ECS ne mabuɗinsa.

Kenan dole a yi gyaran a cikin nukiliyas, kafin a yanke intron 11 a jefar. Kuma sel yana da dabarar jira: RNA ɗin da ba a gyara ba yana jinkirin rabuwa da intron ɗinsa, shi ya sa wanda ke fita zuwa ribosom kusan duka gyararre ne.

Dalilin wannan tsanani a ramin ƙofar yake. GluA2 ɗaya ne daga sassan makarɓin AMPA, ƙofar da ke karɓar saƙo a jikin sel ɗin jijiya (niyuron), kuma gurbin Q/R yana daidai maƙogwaron ramin da ayon ke bi. Ajinin yana da caji mai alamar +, kamar kalsiyam, saboda haka yana korar sa. Gulutamin ba ya da caji, kalsiyam sai ya kwarara. A 1995 an cire ECS daga kwafi ɗaya kacal a ɓeraye: farfaɗiya ta kama su, suka mutu cikin mako uku. A 2000 aka cire ADAR2 ɗin baki ɗaya, aka ga irin wannan mutuwar. Da aka rubuta CGG kai tsaye a cikin DNA ɗinsu, sai ɓerayen da ba su da ADAR2 suka rayu. ADAR2 yana taɓa wurare da yawa, amma harafi ɗaya ne ran dabbar ya rataya a kansa.

Abin yi: haɗa ƙaramin gini mai ekson 11, da farkon intron 11 har ya wuce ECS, da ƙarshen intron ɗin, da ekson 12. A gefe ka sa ADAR2 mai sauyin E396A, wanda yake kama RNA amma ba ya iya gyara. Shi ne ma'auninka na sifili. Kada kuma a cika plasmid ɗin enzayim (zoben DNA da ke ɗauke da shi), domin idan ya yi yawa yana gyara adenosin ɗin da ba ruwansa da su a niyuron na gaske.

Injiniya_Sel:

Dakta ta gama da rabin farko. Bari in ɗauki awo, domin nan ne ake yawan yin tuntuɓe.

Hanyar karanta jeri ta Sanga (Sanger) ita ce mafi sauƙi: a yi RT-PCR, wato a mayar da RNA zuwa DNA a ninka shi, a karanta, a raba tsayin G da jimillar A da G. Tana da amfani a ƙaramin gini inda gyaran yake kashi 30 ko 60. A naman ƙwaƙwalwa kuwa bambancin da ake nema shi ne tsakanin kashi 99 da 95, kuma ƙaramin tsinin A yana ɓacewa a hayaniyar ƙasa. Nan sai dai karatu mai zurfi na amplikon (guntun da PCR ya ninka), ko yanka da BbvI, enzayim mai yanka DNA.

BbvI yana gane GCAGC. Jerin da ba a gyara ba ATG CAG CAA ne, GCAGC na ciki, yana yankuwa. Gyararre ATG CGG CAA ne, wurin ya ɓace. Da wannan hanyar rukunin Shin Kwak a Tokiyo suka ba da rahoto a 2004 cewa gyaran ya ragu a niyuron masu motsa tsoka na masu cutar shanyewar tsoka ta ALS wadda ba ta gado ba, suna ɗaukar sel ɗaya-ɗaya da leza.

Abu uku ke ɓata sakamako. DNA na asali kullum CAG ne, don haka ɗigonsa kaɗan zai sa ka zaci gyara ya ragu. A sa DNase mai narkar da DNA, a dasa firaima (guntun da PCR ke farawa daga kansa) ɗaya a ekson 11 ɗaya a ekson 12, a kuma gudanar da kwalbar da ba a sa RT (enzayim mai mayar da RNA zuwa DNA) ba. Sai 'yan uwan GluA2, wato GluA1 da GluA3 da GluA4: su ma gulutamin suke da shi a wurin, ba a gyara su, kuma jerinsu ya yi kama da na GluA2 sosai a wannan yankin. Firaimar da ta ɗan zame ta kama su za ta ba ka ƙarya mai kyan gani. Na ukun ya fi ɓoyuwa: idan zagayen PCR ya yi yawa, igiya gyararra tana mannewa da wadda ba a gyara ba, BbvI kuma ba ya yanka irin wannan gauraye, sai adadin gyara ya kumbura. A tsaya kafin PCR ya ƙoshi, a kuma yi layin ma'auni da plasmid biyu da aka gauraya a sanannen kaso, misali 100:0, 99:1, 95:5, 90:10, 50:50.

In akwai na'urar facin kilam (patch clamp, mai auna wutar da ke ratsa sel) a kusa, ƙofar da ke barin kalsiyam tana da alama: da sinadarin sifamin (spermine) maikromola 100 a ruwan bututu, wutar da ke fita a +40 mV tana raguwa ƙwarai, sinadarin NASPM kuma yana toshe ƙofar. Sai dai wannan ba ya bambance rashin gyara da rashin GluA2 ɗin kansa a cikin makarɓin.

Habu_Samaru:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. RNAfold, shirin kwamfuta mai hasashen naɗin RNA, ya zana min tufkar da kyau. Wannan ya isa hujja?

Farfesa Maikano:

Bai isa ba, ɗana. RNAfold zai naɗe maka kowane jeri ka ba shi, ko da ka rubuta shi da ka. Ma'aunansa na kwalba ne mai gishiri mola 1 a digiri 37, babu furotin, babu polimeres da ke fitar da RNA kaɗan-kaɗan yana naɗewa tun kafin a gama rubuta shi. Haɗuwa mai nisan haruffa ɗaruruwa kuwa ita ce ya fi kuskurewa.

Hujjar da ake yarda da ita sauyi ne mai ramuwa. Canza haruffa uku ko huɗu a ECS yadda ba za su manne ba, gyara ya faɗi. Sannan canza na gefen ekson su dace da sabon ECS, gyara ya dawo. Idan ya dawo alhali jerin duka biyun ba na asali ba ne, siffar ce ke aiki. Kula da abu biyu: G yana mannewa da U a RNA, saboda haka sauya C zuwa U a gaban G ba ya warware komai. Kuma kada ka taɓa maƙwabtan adenosin ɗin na kusa, ADAR2 yana da zaɓi a kansu, za ka rikita tasirin jeri da na siffa. Bayan haka a ƙara da DMS, wanda ke yi wa A da C marasa abokin manne alama, ko hanyar SHAPE mai kama da shi, da sinadarin NAI, a sel mai rai. Tunda RNA mai intron kaɗan ne, a ware nukiliyas tukuna, in ba haka ba mRNA da aka gama zai cinye karatun.

In kana son misali na biyu da zai kaifafa maka tunani, duba furotin tau na niyuron. A bakin ekson 10 na MAPT, ƙwayar gadon tau, akwai 'yar gajeriyar lanƙwasa da ke rufe wurin da U1, wanda ke gane bakin intron don a yanke shi, ke sauka. Ita ke sa tau mai maimaici uku da mai huɗu su zo kusan daidai wa daida a ƙwaƙwalwar baligin mutum. A 1998 aka samu iyalai masu ciwon mantuwa na gaban ƙwaƙwalwa da sauye-sauye a +3, +13, +14 da +16 na intron 10 (ana ƙirgawa daga farkon intron). Amino asid ko ɗaya bai canza ba. Lanƙwasar ce ta saki, U1 ya sami hanya, ekson 10 ya riƙa shiga fiye da kima, mai huɗu ya rinjaya. A GluA2 naɗin yana kiran enzayim, a tau kuwa yana tare ƙofa ne.

Wanda zai gwada na tau ya yi amfani da jerin mutum. Baligin ɓera kusan mai huɗu zalla yake yi, ba za ka ga rinjayen da kake nema a nasa ba.

Dakta Rabi:

Ƙari kaɗan, Malam Habu. Idan ka karanta RNA ɗin ƙaramin gininka tun yana da intron, za ka ga wani A ya koma G a wajen +60 na intron 11, ko da ba ka sa ADAR2 ba. Kada ya ruɗe ka, aikin ADAR1 ne, ɗan uwan ADAR2 da HEK293 ke da shi tun asali. Yana ma da amfani: in +60 ya gyaru amma Q/R bai motsa ba, RNA ya naɗe, sai ka koma ka duba plasmid ɗin ADAR2. In duka biyun shiru, fara da duba ko an datse intron ɗin kafin ya kai ECS.