Kiɗa Zalla Babu Mai Rerawa: Me Ya Kama Ku a Post-rock Mai Nauyi?

Mai Aikin Dare

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Duk wanda na kunna wa kiɗan nan na post-rock mai nauyi, wanda jita ne da ganga zalla babu mai rerawa, tambayarsa ba ta wuce ɗaya: "To yaushe za a fara waƙar?" In na ce masa ai ita ce yake ji, sai ya dube ni kamar na zautu. Ni kuma bakina ya kasa kare abin da kunnena ke so. Abin da ya fi ɗaure min kai, yanzu ba manyan ma nake bi ba, yaran ƙungiyoyi ne da ba su da kamfani, su naɗi abinsu da kansu su ɗora a Bandcamp, shafin intanet da makaɗa ke sayar da kiɗansu, wasunsu masu sauraronsu ba za su cika ɗaki ɗaya ba. Kowa ya kawo nasa: yadda abin ya same shi, abin da ya riƙe shi, da kuma ko ƙananan nan sun fi manyan shiga rai ne, ko kuwa ni ne na ruɗe.

Uwar Biyu

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ni ba ta ƙofar son jita na shigo ba, har yau ban san sunan abubuwan nan da suke takawa da ƙafa ba. Lokacin jinyar mahaifiyata ne, Allah Ya ji ƙanta. Duk waƙa mai baiti da na saka sai ta dame ni. Ta soyayya ta ba ni haushi, ta baƙin ciki kuma ta yi min katsalandan, tana koya min yadda zan ji abin da ni ke cikinsa ba ita ba. Ƙanena ne ya turo min kiɗan wasu yara da ko hotonsu babu a jikin faifan. Da farko jita ɗaya ce ke ta maimaita 'yan sautuka kaɗan, ganga na binta a hankali, har na ɗauka wayar ce ta maƙale. Ban ankara ba sai na ji abin yana kumbura, yana kumbura, can ya fashe, ƙara ta rufe ni ta ko'ina. A nan na yi kukan da na kasa yi tun ranar da aka kwantar da ita. Kiɗan bai ce min in yi haƙuri ba, bai ce komai ba ma. Wuri kawai ya ba ni.

Ɗan Tsirkiya

Allah Ya gafarta wa Mama, Anti. Bari in faɗa miki abin da ke faruwa a ɗaya ɓangaren, tun da ni jita nake kaɗawa a irin ƙananan ƙungiyoyin da ake magana.

Abubuwan da muke takawa feda ake ce musu, a jere suke a kan katako a gaban mai jita. Akwai ta amsa-kuwwa, ka taɓa tsirkiya sau ɗaya ta yi ta maimaita sautin yana dusashewa. Akwai wadda ke sa ka ji kamar a cikin wani makeken zaure ake kiɗan. Akwai mai yayyaga sauti ta mai da shi ƙaiƙayi da gurnani, ita ce ta ranar faɗa. Sai kuma mai naɗa: ka kaɗa ɗan gajeren abu, ta riƙe shi tana juya shi, kai kuma ka ɗora wani a kansa, ka sake ɗora wani. Da irin wannan dabarar ce Russian Circles, mutum uku kacal daga Shikago, ke cika dandamali kamar su goma ne. Sannan akwai karkaɗa hannun dama da sauri a kan tsirkiya ɗaya, har sautin ya daina fita ɗaya-ɗaya ya zama dogon zare. Mu masu son nauyi kuma mukan sassauta tsirkiyoyin su sauka ƙasa da yadda aka saba ɗaure su, don amon ya yi kauri.

Amma duk wannan kaya ne. Nauyin gaske daga shirun yake fitowa. In ka fara da ƙara, kafin wani lokaci kunne ya saba, ta zama ba komai ba. In kuwa ka ja mutum a hankali, ka hana shi abin da yake jira, ka sake hana shi, to ranar da ka sake masa sai ya ji ta har ƙashinsa. Abin da na fi so a duk sana'ar nan shi ne 'yan daƙiƙun da ke gaban fashewar: ƙafata na rataye a saman feda ban taka ba, idona na kan mai ganga, shi kuma ya ɗaga sandunansa biyu yana jan numfashi. Mu huɗu mun san abin da ke tafe, mutanen da ke gabanmu sun hango shi, amma babu wanda ya isa ya gaggauta shi.

Sarkin Gardama

To ni dai bari in ɓata muku shagali. Abin da Ɗan Tsirkiya ya zayyana shi ne ainihin ciwon kiɗan nan. Shiru, kumbura, fashewa, shiru. Ka saurari ƙananan ƙungiyoyi goma a jere, takwas hanyar nan ɗaya suke bi, har kana iya duba agogo ka ce saura kaɗan a taka feda. Na yi zamanin da ba na jin komai sai shi, daga baya ya gundure ni. Hadari ne da kullum ƙarfe ɗaya yake haɗuwa, kullum kuma ƙarfe ɗaya yake zubarwa. Yaran nan da yawansu sun gano cewa in ka sayi feda masu kyau, za su rufa maka asirin rashin abin faɗa.

Baba Mai Faifai

Sarki, kana da gaskiya rabi, kuma ƙorafin naka ya girmi wasu daga cikin masu kiɗan. Ni tun ana sayen faifai a hannu nake bin abin nan, don haka ku yi min haƙuri in ɗan ja baya.

Sunan post-rock ya bazu ne a 1994 ta hannun Simon Reynolds, marubucin harkar kiɗa ɗan Ingila. Abin da yake nufi a lokacin shi ne a ɗauki kayan kiɗan rok a yi wani abu daban da su, jita ta koma mai samar da launin sauti maimakon mai jan gaba. Bai ce dole sai an kumbura an fashe ba. Tortoise ta Shikago ma ba ta wannan hanyar take bi ba sam. Salon shiru da fashewa ya kankama ne da irin su Mogwai, da aka kafa a Gilasgo a 1995, da Godspeed You! Black Emperor ta Montiriyal a Kanada, masu haska guntayen finafinai a bango suna kiɗa, da Explosions in the Sky ta Teksas da Mono ta Tokiyo, su biyun duk 'yan 1999. Reshen nauyi kuma, wanda Mai Aikin Dare ke tambaya a kansa, ya sha ruwa ne daga masu kiɗan metal, wato rok mai tsananin ƙara, irin su ƙungiyoyin Neurosis da Isis, sai Pelican da Russian Circles suka ajiye murya gefe suka bar jita da ganga su yi magana.

Abin da nake so ka lura da shi, Sarki, babu ɗaya a cikin waɗannan da ya fara da gata. Duk yara ne a lokacin, da ƙananan kamfanoni ko babu ma. Mogwai sai a 2021 faifansu ya hau matsayi na ɗaya a Birtaniya, bayan sama da shekara 25 suna fama. Ni dalilin da ya sa har yanzu nake tono sababbi ke nan. Takwas ɗin da ka ce kwaikwayo suke yi, na yarda. Biyun da suka rage nake nema, kuma ina samun su.

Ƙanwar Kowa

Baba, ni a wajen wasa ya kama ni, ba a waya ba. Ƙawata ce ta ja ni, wani ɗan ƙaramin ɗaki, makaɗan a ƙasa ɗaya da mu, babu ko tudun dandamali. Ba su gaishe mu ba, ba su faɗi sunan kiɗan ba, mai jitar ma baya ya juya mana yana fuskantar lasifikarsa. Na ce a raina wannan wane irin rashin tarbiyya ne. Da suka kai wajen ƙarar, sai na ji ƙafar wandona tana kaɗawa da kanta, amon bes, jitar nan mai kaurin murya, yana bugun ƙirjina daga ciki. Na waiga, kowa ido a rufe, ana gyaɗa kai tare a hankali. Bayan an tashi, mai gangar nan da ya kusa fasa mana kunne shi ne a bakin ƙofa yana sayar da riguna da kaset, yana jin kunyar karɓar kuɗi. Sai dai kunnena ya kwana yana ƙugi, washegari ma bai daina ba.

Injiniya

Ƙanwata, wannan ƙugin ba abin ado ba ne, kunnen ne ke kai ƙara. Aikina haɗa sauti ne, kuma ina da abokan aiki da nasu ƙugin ya zauna daram. A ƙa'idar NIOSH, hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, ƙarar da ta kai desibel 85 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) awa 8 ce iyakar saurarenta a rana, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. In aka kai 100, minti 15 ke nan. Wasan irin waɗannan ƙungiyoyi a ƙaramin ɗaki yana iya kaiwa can. Ki nemi abin toshe kunne na makaɗa, wanda ke rage ƙarfi ba tare da ya dusashe sautin ba. Bugun ƙirjin da kika ji yana nan, don ba ta kunne yake shiga ba.

Mai Aikin Dare kuma, ina zargin da lasifikar waya kake kunna wa mutanen nan. Ba ta iya fitar da amon ƙasa, shirun ya ɓace a hayaniya, fashewar ta zama tsiwa. Ka ba mutum hedifon mai kyau ka bar shi shi kaɗai.

Ɗan Tsirkiya

Kan tambayar me ya sa ƙanana, bari in faɗi abin da ba a cika faɗa ba. Babu mai shiga kiɗan nan don kuɗi. Manyan manhajojin sauraro sukan ƙirga an ji kiɗa ne da zarar ya wuce daƙiƙa 30, don haka namu mai minti 12 da na wani mai minti 2 lada ɗaya suke ci. Rediyo ba ta da wurin ajiye mu. Abin da ke ɗan riƙe mu shi ne masu saye kai tsaye a Bandcamp, musamman ranakun Juma'ar da kamfanin ke yafe kasonsa, abin da ya faro a watan Maris na 2020. Tun da babu riba, babu mai tsaya mana a ka ya ce a gajarta ko a saka amshi. Ina jin wannan 'yancin ne kuke ji a kunnenku.

Ga kuma rashin harshe. Ba mu da baitin da za a fassara. Wang Wen ta birnin Dalian a ƙasar Sin tana da masoya a Turai, kuma bukukuwa irin su dunk!festival a Beljiyam da ArcTanGent kusa da Biristol suna tara ƙungiyoyi daga ƙasashe daban-daban a dandamali ɗaya. Mu kanmu saƙon farko da wani baƙo ya taɓa turo mana, sai da muka nemi manhajar fassara kafin mu gane yabo ne.

Mai Sanduna

Ni mai ganga ne, kalma ɗaya zan ƙara. Duka da ƙarfi kowa ya iya. Ka riƙe bugu ɗaya a hankali na tsawon minti shida ba ka ƙara gudu ba, alhali jininka na tafasa, a nan ake gane wanda ya yi atisaye. Yawancin yaran da Sarki ke kuka da su, gaggawa ce ke kashe su.

Sarkin Gardama

Baba, na karɓi biyun nan naka. Amma ga ma'aunina, Ɗan Tsirkiya: cire fashewar daga kiɗanku gaba ɗaya. In abin da ya rage zai iya tsayawa da ƙafarsa, ku makaɗa ne. In ba zai iya ba, fedar ce makaɗiyar, ku 'yan rakiya ne.

Ɗan Tsirkiya

Yaya Sarki, mun taɓa gwadawa, ba don kai ba. Akwai wani kiɗanmu da muka gina shi har wuya, daidai inda kowa ke jiran a taka feda sai muka tsaya cak, bes kaɗai ya ci gaba. A ɗakin atisaye mun ɗauka mun yi abin kirki. A gaban mutane kuwa, wani daga baya ya ɗaga murya ya ce wuta ce ta ɗauke? Mai gangarmu ya so a mai da fashewar, mai bes ya ce atafau. Yanzu a faifai babu ita, a wajen wasa kuma sai mun dubi fuskokin mutane muke yanke shawara, ni da mai ganga, da ido. Zan turo maka duka biyun ka faɗa min wanne ne 'yan rakiya suka kaɗa.