Masu ƙin sabuwar hanya: ƙin ci gaba ne ko gudun cuta?

Alhaji mai albasa: Jama'ar Tawa, ni dai maganata ɗaya ce. Duk wanda ya ji za a yi babbar hanya ya tada ƙura, maƙiyin ci gaba ne. Ku dubi hanyar Tawa zuwa Agadas da Arlit, fiye da kilomita 600, tun wajen 1980 aka gama ta saboda yuraniyom, ramuka sun cinye ta. Albasa ba ta jiran mota ta fita daga rami, ruɓewa take.

Hajiya lauya: Alhaji, a yi haƙuri, ba hanyar ake ƙi ba. Dokar karɓe fili ta 1961, wadda aka gyara a 2008, ta tsara komai: a ayyana aikin na amfanin jama'a ne, a buɗe bincike kowa ya kai kukansa, a ƙidaya gonaki da gidaje da itatuwa, a biya diyya, sannan katafila ta shigo. Abin da mutane ke tsoro shi ne a fara daga ƙarshe. In an rushe katanga, an sare mangwaro, da me za ka kafa hujjar ƙimarsu?

Malamin filaye: Ga wani ƙulli kuma, Hajiya. Yawancin gonakin Adar, yankinmu na Tawa, na gado ne, babu takarda. Ranar ƙidaya wanda aka tarar a gona shi ake rubutawa, ko da aro ko jingina yake riƙe da ita, magada suna ci-rani a Abijan. Maganinsa a je wurin kwamitin filaye na gari, Cofo, a karɓi takardar shaidar mallakar gargajiya da sa hannun hakimi tun ba a kafa turaku ba. Burtali kuwa babu mai karɓar diyyarsa. Hanya ta datse shi, shanu su faɗa gonaki.

Alhaji mai albasa: To a biya su mana! Wannan ai ba dalilin tsayar da aiki ba ne.

Injiniya: Ko an biya, Alhaji, akwai tambayar da ta fi wannan: shekara nawa za ta yi? Gudron mai shimfiɗa biyu na tsakuwa kaurinsa bai wuce santimita 2 ba, jan marmaran da ke ƙasa shi ke ɗaukar kaya. Dokar UEMOA, ƙungiyar ƙasashen yammacin Afirka masu kuɗin sefa, ta 2005 ta ƙayyade tan 11.5 a kan gatarin baya guda na babbar mota, mai taya ɗaya a kowane gefe. Ɓarnar ba ta tafiya daidai da nauyi: ka ɗora tan 16, ta kusan ninka huɗu, ka ninka nauyin biyu, ta ninka 16. Da zarar saman ya tsage, ruwan damina ɗaya ya shiga, marmara ya jiƙe, taya ta tone shi. Sai kuma koramu. Hanya mai tudu madatsa ce. In aka sa ƙaramin kwalbati don rage kuɗi, yashi ya toshe shi, ruwa ya kwanta a gonakin sama, ya yanke kwazazzabo a na ƙasa. Manomin da ya ce a nuna masa inda ruwa zai bi ya fi mu sanin koramarsa.

Sarkin tasha: Injiniya, kada a ɗora wa direbobi komai. Kuɗin hanya muna biya a kowane shinge, ina gyaran? Sikelin auna nauyin motoci ma wani lokaci yana aiki, wani lokaci a gaisa a wuce.

Hajiya lauya: Shi ke nan ka faɗi tushen rashin yardar. An ƙaddamar da layin dogo na Yamai zuwa Doso a 2016, kusan kilomita 140, bai yi jigilar fasinja ko kaya ba. Amma hanyar filin jirgin Yamai ta kammalu kafin taron Tarayyar Afirka na 2019. Mutane suna gani, suna lissafi.

Alhaji mai albasa: Layin dogo daban, gudron daban. Har yanzu ina kan bakana, wasu don siyasa suke hayaniya.

Injiniya: Akwai su. Rarrabe su ba wuya: a liƙa taswirar hanyar da sunayen masu diyya a ma'aikatar magajin gari, a karanta da Hausa da Tamajak a rediyo. Wanda ya ci gaba da ihu bayan nan, mun bar maka shi.

Malamin filaye: A ƙara da ramukan da ake haƙar marmara. A rubuta cikin kwangila wa zai cike su, don yara ke wanka a ciki.