Manhaja ta cika da maɓallai: yaya kuka yi da taku?

Mai_Zane: Jama'a, muna gina manhajar lissafin kaya, kuma duk wanda ya gwada sai ya ce a ƙara masa wani abu. Yanzu shafin farko ya cika maƙil, sabon shiga ba ya gane ta inda zai fara. Waɗanda suka taɓa shan wannan fama, ku taimaka mana.

Hajiya_Akawu: Ni mai amfani ce, ba na gina komai. Yawan maɓallai bai cika damuna ba matuƙar kowanne yana nan inda na bar shi. Akwai wata manhaja da nake aiki da ita kullum, rana ɗaya aka sabunta ta, maɓallin fitar da rasit ya koma cikin wani menu mai ɗigo uku. Hannuna ya riga ya haddace wurin, sai in ta danna fili babu komai, mutum yana tsaye a gabana yana jira. Don Allah, abin da ake taɓawa kullum ku bar shi a sarari.

Injiniya_Tsoho: Hajiya ta faɗi gaskiya. Microsoft ma ta gwada wannan dabara a Office 2000, manhajarta ta ayyukan ofis: menu yana ɓoye abin da ba ka cika amfani da shi ba. Jerin ya riƙa canzawa, mutane suka kasa haddace komai. A Office 2007 suka watsar da ita, suka jera kayan aiki rukuni-rukuni a saman allo. Mu a wurinmu mun duba bayanan amfani, muka ga 'yan abubuwa kaɗan ne ke ɗauke da kusan duk aikin yau da kullum. Su muka bari a gaba, sauran muka tara a ƙarƙashin "Ƙarin zaɓi", mataki ɗaya tak, ba rami cikin rami ba.

Direba_22: Motoci ma haka. Don rage sanyin AC sai ka ɗauke ido daga titi kana laluben allo. Shi ya sa Euro NCAP, ƙungiyar da ke gwada ingancin kariyar motoci a Turai, ta ce daga 2026 motar da ke neman cikakken maki sai ta tanadi maɓallan hannu na sigina, hon da gogen gilashi.

Mai_Zane: Injiniya, masu kukan an ɓoye musu abinsu fa?

Injiniya_Tsoho: Mun sa akwatin bincike a sama, mun kuma ba kowa damar kafa maɓallan da ya fi so a shafinsa. Ƙorafin ya ragu sosai, sai dai har yau akwai masu rubuto mana suna neman abin da tuni yana ciki.