Neman shawara: wane babur mai ƙafa huɗu ya dace da hanyoyin daji?

Mai tambaya, daga Greensboro:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shekarata bakwai a jihar Karolina ta Arewa, a Amurka. A gida Maraɗi na yi kabu-kabu shekara huɗu kafin in taho, don haka kuloci da giya ba baƙi ba ne a wurina. Watan jiya wani abokin aikina ya tafi da ni dajin Uwharrie, wajen tafkin Badin, ya ara mini babur ɗinsa mai ƙafa huɗu, wanda suke kira kwad, na wuni a kai. Tun daga ranar abin ya zauna mini a rai. Rabona da in ji iskar daji haka tun ina gida.

Na tara dala 5,000, kuma na hannu zan saya. Irin na wasa nake so, mai kuloci, ba irin na gona mai wurin ɗaura kaya ba. A Facebook na ga guda uku: Yamaha YFZ450R na 2012, da Honda 400EX na 2006, da Raptor 700 na 2008 wanda kuɗinsa ya ɗan haura abin da ke hannuna. Gaskiya raina ya fi kwanciya da 450 ɗin, don an ce shi ake shiga tsere da shi. Ba tsere zan yi ba, yawon daji ne ranar Asabar, wani lokaci da yarona mai shekara 9 a bayana. Waɗanda suka san harkar ku taimaka mini.

Bakanike, daga Charlotte:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, kai da bakinka ka ce ba tsere za ka yi ba, to ka cire 450 ɗin nan daga lissafi. Ba don ba shi da kyau ba, a'a, an ƙera shi ne don filin tsere mai faɗi da tudun tsalle, kai kuwa cikin itatuwa da duwatsu za ka shiga.

Abu na farko, ba shi da ribas. Kafin ka shiga daji za ka ga kamar ƙaramin abu ne. Ranar da ka sha kwana ka tarar itace ya faɗi ya tare hanya, ko hancin babur ya kafe a jikin dutse a kan gangare, sai ka sauka ka ja shi baya da hannu, ƙarfe mai nauyin kilo 180 da wani abu, ƙafarka tana santsi a jar lakar nan ta Uwharrie. Sau biyar za ka yi haka a wuni ɗaya ka tsani abin da ka saya da guminka.

Na biyu, injinsa ba ya son tafiyar hankali. Ƙarfinsa yana can sama, sai ka danne totur yana kuka sannan zai ba ka abin da yake da shi. In kana lallaɓawa tsakanin duwatsu da giya ɗaya, hannunka na hagu ba zai huta daga kuloci ba, ka ɗan yi sake ya mutu. Ga faɗi, ya kusa inci 49, don kada ya kife a kwanar tsere. A matsattsiyar hanya wannan faɗin shi ke sa taya ta riƙa karo da kututture. Shokozobarsa kuma mai tauri ce, an saita ta don dirowa daga tsalle, bayanka ne zai sha saiwoyin itace. Sannan injin tsere yana son bakanike: juyen baƙin mai a kai a kai, da duba bawul. Wanda aka yi shekara goma ana mora, ba ka san wane hannu ya bi ta kansa ba.

400EX kuwa jakin daji ne. Injin cc 397 ne da Honda ta ɗauko daga babur ɗinta na XR400, iska ke sanyaya shi, babu lagireto balle ƙaya ta huda shi. Tun 1999 suke yin sa har 2014, kayan gyaransa sun cika kasuwa. Daga 2005 aka sa masa ribas, ka ga na 2006 yana da shi ke nan. In ni ne da kuɗinka, shi zan ɗauka, canjin in sayi kayan kariya da tayoyi.

Mai Raptor, daga Columbus:

Oga bakanike ya yi gaskiya a kan 450, amma a kan 400EX ban bi shi ba. Mutumin da ya yi kabu-kabu shekara huɗu, wata shida zai yi a kan 400 ya fara jin ya yi masa kaɗan. Ni da shi na fara, na sayar na koma Raptor 700, yau shekara biyar ban yi nadama ba. Injin cc 686 ne, silinda ɗaya, ƙarfinsa tun daga ƙasa yake. Ka sa giya biyu ka hau tudu yana gurnani a hankali, ba sai ka yi ta canji ba. Yana da ribas. Kuma ba kafireto gare shi ba, na'ura ce ke fesa masa mai, da sanyin safiya bugu ɗaya yake tashi. Shi kuwa 400EX in ka ajiye shi wata uku na hunturu da fetur ɗin nan mai haɗin itanol a ciki, sai an kwance kafireto an wanke. Yamaha har yau tana ƙera Raptor sabo, Honda kuwa ta daina 400. Ka ƙara haƙuri wata biyu ka cika kuɗin.

Bakanike, daga Charlotte:

Malam, wannan ƙarfin da kake yabo shi ne abin da nake ji masa tsoro. Raptor ya fi tsayi, kuma in sabon hannu ya danne totur a kan tudu, gaba ɗagawa yake yi, abin da ke biyo baya kuwa babur ne a kan ƙirjin mutum. Kada kabu-kabu ya ruɗe mu. Mai ƙafa biyu kwantar da shi ake yi a kwana. Wannan ba ya kwanciya, kuma tayoyin baya a kan sandar ƙarfe ɗaya suke, tare suke juyawa, shi ya sa yake son miƙewa ko ka karya kai. Jikinka za ka zame zuwa cikin kwanar, in ba haka ba tayoyin ciki su ɗaga. Totur ɗin ma ba murɗawa ake yi ba, da babban yatsa ake dannawa. Mafi muni, ɗan babur ya saba sauke ƙafa in ya ji zai faɗi. A nan in ka sauke ƙafa, tayar baya ce za ta hau ta. Na ga wanda hakan ta faru da shi, kuma tsohon ɗan acaba ne ƙwararre. Maganar kafireto mai sauƙi ce: ka rufe mai, ka bar injin ya shanye na ciki kafin ka ajiye.

Wani ɗan uwa daga Baltimore:

Ku ƙara Suzuki Z400 a cikin lissafin. Cc 398, ruwa ke sanyaya shi, yana da ribas tun fitowarsa a 2003, ya ɗan fi 400EX kuzari, daga 2009 kuma babu kafireto. In ka ga Kawasaki KFX400 ma shi ne, fenti kawai aka canza.

Ma'aikaciyar jinya, daga Durham:

Malam, ni ban san inji ba, amma na ga duk an wuce maganar yaron, kuma ita ce ta fi tsaya mini. Don Allah kada ka goya shi. Duk baburan da kuka lissafa na mutum ɗaya ne, a jikinsu ma akwai takardar gargaɗi cewa ba a ɗaukar fasinja, kuma wanda bai kai 16 ba ba ya tuƙa su. Doguwar kujerar da ka gani ba wurin mutum biyu ba ce, wurin da mai tuƙi zai matsa gaba da baya ne, kamar yadda bakanike ya bayyana. In yaro yana bayanka ka rasa wurin matsawa, nauyinsa kuma ya koma baya daidai lokacin hawan tudu. A wurin aikina ina ganin yaran da ake kawowa daga irin wannan, kuma kusan kullum iyayen masu ƙaunar 'ya'yansu ne, so suke su faranta musu.

In yana so, akwai nasu. Yamaha tana da YFZ50 na 'yan shekara 6 zuwa sama, Honda tana da TRX90X na 'yan 10 zuwa sama, kuma ana iya rage musu gudu. Ya koya a fili kana tsaye, da hular kwano daidai kansa, ba taka ba. Kai ma hular da tabarau da takalmi mai rufe idon sawu su shiga cikin dala 5,000 ɗin tun yanzu, kada a bar su sai abin da ya rage.

Direban tirela, daga Greensboro:

Hajiya Allah ya saka da alheri. Ni tambayata ita ce me ya sa dole sai na wasa? Uwharrie duwatsu ne, tare da manyan motocin Jeep ake bin hanyoyin, sun haƙe su. Na wasa tayoyin baya kaɗai ke ja, kuma haƙorin sarƙa da farantin birki suna ƙasa sosai, inci huɗu da ɗan wani abu tsakaninsu da ƙasa. Can-Am Renegade ko Polaris Scrambler duk tayoyi huɗu ke ja, babu kuloci. Sai dai nauyi da tsada. In ka nace a kan na wasa, ka sa masa farantin ƙarfe a ƙasa kafin fitar farko, da ragar nan ta gefen mataki mai hana ƙafa faɗawa gaban taya. Ka fara da hanyar Wolf Den, ka bar hanyar Daniel mai wuya sai hannunka ya faɗa. Ka tuna kuma ana rufe wurin daga tsakiyar Disamba sai Afrilu, ana sayen takardar shiga, kuma dajin gwamnatin tarayya ne, dole salansa ta kasance da ragar tare tartsatsi.

Dattijon zaure:

Yarana kun yi bayani mai amfani. Ni a kan ciniki zan yi magana. Waɗannan babura ana yawan sace su, don ba su da lamba irin ta mota. Ɗana, kada arha ta ja ka ka sayi kayan wani, ga haram ga 'yan sanda a ƙofar gida. Lambar jiki tana kan ƙarfen firam, ka duba da idonka ba a kankare ta ba, ta yi daidai da ta takarda, mai sayarwa ya rubuta maka shaidar ciniki da sunansa da sa hannunsa. Wanda ya ce ku haɗu da dare a bakin shago, ka bar masa kayansa.

Ka ce kada ya tayar da injin sai ka zo, ka taɓa ka ji da sanyinsa. Ka buɗe akwatin iska: in ka ga ƙura ta wuce matata ta shiga bututu, injin ya sha ƙasa. Ka ɗaga baya ka girgiza tayoyin ka ji ko boris ya tafi, ka leƙa firam ko akwai sabuwar walda da aka shafe da fenti. Kuma ka yi tunanin abin ɗauka, don ba a hawa titi da shi. In ba ka da a-kori-kura, ƙaramar tirela ma kuɗi ce.

In ka ƙware, ku haɗu ku je Hatfield-McCoy a Bajiniya ta Yamma. Hanyoyinsu sun haura mil 1,000, an yi musu alama da launi, kore mai sauƙi, shuɗi matsakaici, baƙi na ƙwararru. Ɓangaren Pocahontas da ke Bramwell shi ya fi kusa da ku ta babbar hanya ta 77. Na je sau biyu da surukina, mun yi azahar da la'asar a kan dutse. Amma kada ka shiga kai kaɗai, akwai wuraren da waya ba ta kamawa.

Mai tambaya, daga Greensboro:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Hajiya, maganarki ta shige ni, na gaya wa mahaifiyarsa ba zan goya shi ba. A watan Maris zai cika 10, sai mu duba masa nasa. Na fasa 450. Na kira mai 400EX, ya ce takardunsa suna nan, mun yi da shi Asabar ƙarfe goma na safe a gidansa, kuma na roƙe shi kada ya tayar kafin in iso. Abu ɗaya ya faɗa da ya ɗan dame ni: wai yana ɗan hayaƙi in an tayar da safe, sai ya ɗauke bayan minti biyu. Yaya bakanike, wannan abin gudu ne?

Bakanike, daga Charlotte:

Ya danganta da launinsa. In fari ne mai bajewa nan take da sanyin safiya, tururi ne kawai. In shuɗi ne kuma ya ɗauke da injin ya yi zafi, galibi robobin bawul ne suka tsufa, gyara ne mai sauƙi, sai ka nemi ragi. In kuwa yana ci gaba har bayan ya yi zafi, musamman in an danna totur, zoben fistin ne, a nan sai mu sake lissafi. Kada ka ba da ko sisi kafin in gani. Asabar ba na buɗe gareji sai azahar, turo mini wurin ta saƙo, zan zo da ma'aunin matsin inji mu gwada shi tare.