Ɗaga gaban a-kori-kura mai sandar toshan: zagaye nawa kuke ɗaure notin?

Mai tambaya: Salamu alaikum 'yan'uwa. Gaban a-kori-kura ya yi ƙasa da bayanta da wajen santimita 5, ana son a daidaita ta da notin toshan, wato notin sandar ƙarfen da ke murɗewa tana aikin sifirin a gaban motar. Waɗanda suka taɓa yi, a taimaka da yadda aikin yake.

Mai gareji: Wa'alaikumus salam. Awo ne farko, Malam. Ajiye motar a shimfiɗaɗɗen wuri, iskar tayoyi daidai, ka auna daga tsakiyar cibiyar taya zuwa leɓen madigadi, hagu da dama, ka rubuta. Sai ka sa jak a shasi, ka tokare da ƙafafun ƙarfe har tayoyin gaba su bar ƙasa. Kada a ɗaure notin alhali nauyin motar na kan sandar, haka zare ke cinyewa. Notin yana ƙarshen sandar ta baya. Wanke shi, fesa masa mai, ɗiga masa fenti don ƙirga zagaye. A Silverado zagaye ɗaya kan ba da kusan milimita 6. Wasu motocin sun bambanta, don haka yi biyu, sauke, ɗan zagaya da ita ta zauna, sake awo. Tef za ka bi, ba ƙirge ba, domin sandunan biyu ba sa gajiya tare.

Mai alaimen: Gaskiya ne Oga. In ƙara da cewa juya notin ba ya ƙara wa taya filin motsi. Abin da ka samu a sama, a ƙasa ka ciro shi. In aka wuce santimita 4 zuwa 5, hannun sama mai riƙe taya ya kusa zama kan robar da ke tare shi, taya ba ta da inda za ta sauka in ta faɗa rami, sai ka ji ƙwas! Mutane su ce sandar ta yi tauri, alhali ƙarfinta bai canja ba. Dole a bar tazara tsakanin hannun da robar. Shokozoba ma takan gaza tsawo, sai an sa doguwa. Kuma a yi alaimen a ranar, in ba haka ba taya za ta cinye ta gefe guda.

Mai walda: A masu jan ƙafa huɗu, robar shaf ce ke fara bayarwa. Shaf ya karkace, tattarar robar na gugar juna, ta tsage, giris ya watsu a cikin rim. Boljoyin da tayarod su biyo baya.

Mai gareji: Masu sauya makullin sandar kuma, wato ƙarfen da notin ke turawa ya murɗa ta, ku nemi matsin da aka ƙera don sauke nauyinta, fula ta gama-gari, wato na'urar zare ƙarfe, tana suɓucewa, ƙarfen ya yi tsalle. Sandunan suna da alamar L da R, ba a musanya su.

Direba: In motar kaya ce, a bar baya ya ɗara gaba da santimita 2. Kana daidaita su cif, ka loda, hanci zai dubi sama. A sake saita fitilun gaba ma.