Iccen da na sayo ya ƙi kama wuta, yaya zan busar da shi cikin damina?

Maman Nafisa, Unguwar Zariya:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina tuyar ƙosai da fanke a ƙofar gida. Da na ga sayen icce ɗauri-ɗauri na cinye mini riba, sai na daure na sayi amalanke guda don ya fitar da ni damina. Mai iccen ya ce busasshe ne, ruwan sama kawai ya taɓa shi. Amma in na hura, hayaƙi ne ke turnuƙewa, gindin iccen na fitar da kumfa, mai ya ƙi zafi, ƙosai ya yi ta shan mai. Yarinyar da nake goyo ma ta fara tari. Yanzu yana jibge a lungu bayan ɗaki, na lulluɓe shi da leda har ƙasa. Don Allah me zan yi ya bushe da wuri?

Malam Isufu mai faskare:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kumfar nan ta raba gardama, ɗanye aka ba ki. Busasshen icce in ruwan sama ya doke shi bayansa kawai ke jiƙa, ya sha rana kwana biyu ya dawo daidai. Shi ɗanye ruwan a cikin jikinsa yake, yakan kai kusan rabin nauyinsa, kuma wuta sai ta gama korar wannan ruwan kafin ta ba kaskonki zafi.

Ki fara yaye ledar yau ɗin nan. Laimar ƙasa na tasowa, ta iccen na fitowa, duk leda ta riƙe su, ƙarshenta fumfuna da gara. Ki sa a faskara miki shi, kada ya wuce kaurin damtse, don ɓawo na hana ruwa fita, ta wurin da gatari ya buɗe da bakin yanka yake bushewa. Sannan ki fitar da shi daga lungu zuwa inda rana da iska ke samu. A shimfiɗa bulo ko manyan gungume biyu, a jera a kansu, sahu ɗaya a miƙe, na bisansa a gicciye, a bar ƙofofin da hannu zai shiga. Kada ya jingina da bango. Sama kaɗai za ki rufe, da tsohon kwano a danne da dutse, gefuna su zauna a buɗe.

Rabi, Ali Ɗan Sofo:
Yaya, in za ki ƙara saye ki ɗauki guda biyu ki buga su da juna. Busasshe ƙara yake yi ƙwal-ƙwal, ɗanye kuwa dum. Ki duba bakin yankan, in ya tsattsage kuma ɓawon na saɓulewa da hannu, ki biya.

Malama Hadiza, ma'aikaciyar jinya:
Ni tarin yarinyar ne ya tsaya mini a rai. Maman Nafisa, ki sauke ta daga baya lokacin tuya, ki ba wani ya riƙe ta nesa da inda iska ke kai hayaƙin. Hayaƙin icce na cikin abubuwan da ke jawo wa ƙananan yara ciwon huhu. In kin ga numfashinta na sauri, ko ƙasan ƙirjinta na lotsawa in ta ja iska, ko zazzaɓi ya shigo, ki kai ta likita a ranar, kada ki jira. Kuma don Allah ban da hura wuta da leda ko tsohon takalmin roba, hayaƙinsu ya fi na ɗanyen iccen illa.

Inna Hajo, Jiratawa:
Ɗiyata, kafin iccen ya bushe ga dabarar da muka tashi da ita. Iccen da za ki yi aiki da shi gobe, ki jera shi yau a gefen murhu ya sha zafin wuta, amma ba inda harshenta zai kai ba, kuma ki janye shi kafin ki bar wurin. Ki nemi ɗan busasshe ko karan hatsi ki tada wuta da shi, sai ta yi garwashi ki riƙa tura wancan ɗaya-ɗaya.

Baɗi kuma in Allah ya kai mu, kada ki bari sai Agusta. Mu nan bayan girbi muke rage wa sabara da kalgo rassa a gona, wato sassaben zamani da ya yaɗu a ƙasar Maradi tun shekarun 1980, sai mu tara rassan, iskar hunturu ta yi sauran aikin. Kafin bazara ya bushe ƙayau. Lokacin saye ke nan.

Maman Nafisa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. An yaye ledar, kuma wallahi ƙasan duk ya yi gumi. Malam Isufu, yawancinsa bedi ne, da ƴan gungumen marke. Zai kai yaushe?

Malam Isufu mai faskare:
Ki ware su, Hajiya. Bedin in an faskara shi ƙanana kuma rana ta samu, cikin ƴan makonni za ki fara cin moriyarsa. Marke icce ne mai tauri, shi da ƙirya sai an yi haƙurin watanni, ki bar shi sai ɗari, garwashinsa zai biya ki. Ki barbaɗa toka a ƙarƙashin bulon saboda gara, ki riƙa leƙawa. In za ki ɗebo da asuba ki haska fitila tukuna, kunama na son irin wannan tarin a damina.